Shin akwai ranar da asibitocinmu za su riƙa bayyana yawan manyan kurakuran da ke aukuwa a cikinsu?

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina roƙon ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su ba ni haske. Idan aka yi babban kuskure a asibiti, kamar a manta auduga ko almakashi a cikin mutum bayan tiyata, ko a ƙara masa jinin da ba irin nasa ba, ko a yi wa lafiyayyar ƙafa aiki a bar mai ciwon, shin akwai inda ake rubuta shi, kuma jama'a na da damar sanin sau nawa hakan ya faru a shekara? Zariya gari ne da ake kawo wa marasa lafiya daga jihohin maƙwabta saboda asibitin koyarwa na Shika, amma irin wannan labari a wajen zaman makoki kawai muke jin sa, inda ba a iya rabe gaskiya da ƙari.

Likitan Samaru:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Akwai ƙasashen da suke yin abin da kake tambaya, sai dai su ma ba da daɗin rai suka fara ba. A 1999 wata cibiyar masana harkar lafiya a Amurka ta ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar sakamakon kurakuran da za a iya kauce musu. Bayan hayaniyar da rahoton ya tayar, a 2002 aka fitar da jerin manyan kurakurai 27 waɗanda bai kamata su taɓa faruwa ba, kuma misalan da ka kawo duk suna ciki. A 2003 jihar Minesota ta Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa asibitoci sanar da hukuma duk lokacin da ɗaya daga ciki ya auku, su binciko tushensa, su rubuta gyaran da za su yi, sannan ma'aikatar lafiyar jihar ta wallafa rahoto duk shekara da sunan kowane asibiti. Ingila ma tana fitar da irin wannan ƙididdiga, kuma tun 2014 doka ta tilasta wa asibitocinta su gaya wa majinyaci ko danginsa gaskiya idan an cutar da shi.

Amma ina jan hankalinka ga abu guda. Asibitin da ya ba da rahoton kurakurai goma ba lallai ne ya fi wanda ya ce bai yi ko ɗaya ba haɗari. Sau da yawa na farkon ne ke ƙirgawa, na biyun yana binnewa. Idan aka wallafa adadi tsurarsa ba tare da bayanin yawan marasa lafiyar da wurin ke karɓa da tsananin ciwonsu ba, asibitin da ake tura wa waɗanda suka gagari kowa shi zai kwashi baƙin jini.

Sista Maman Ummi, Sabon Gari:
Likita ya faɗi gaskiya, amma bai taɓo abin da ke hana rubutawar ba, wato tsoro. Ma'aikaciyar jinya da ke kwana ita kaɗai da ɗaki cike da marasa lafiya, idan ta ba wani maganin wani saboda kwalaben sun yi kama kuma babu wuta, ta san cewa ranar da ta kai ƙarar kanta, takardar tuhuma ce za ta biyo baya, wataƙila har dangin majinyaci su yi mata taron dangi. Ba wanda zai tambayi dalilin da ya sa aka bar ta ita kaɗai, ko wanda ya jera kwalaben wuri guda. Muddin laifi a kan na ƙasa yake ƙarewa, littafin rahoto zai zauna fari fat.

Kuma gyaran ba kullum yake cin kuɗi ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin tiyata: a tabbatar da sunan majinyaci da gefen da za a yi wa aiki kafin a sa wuƙa, a kuma ƙirga auduga da allurai da kayan aiki kafin ya bar ɗakin. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da ɗaya a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8.

Malam Mai Kemis, Kwangila:
Ranki ya daɗe Sista, ba daga sifili za mu fara ba. Hukumar NAFDAC na da fom ɗin da ake cikewa idan magani ya yi wa mutum illa, akwai kuma tsarin bin diddigin mutuwar mata wajen haihuwa da ta jarirai, wanda aka gina bisa sharaɗin ba a neman wanda za a ɗora wa laifi. Mu tuna da maganin haƙoran yara na My Pikin a 2008, wanda gurɓataccen sinadarin da ke cikinsa ya lalata ƙodar yara, har hukumomi suka ce 84 sun rasu, kuma jiharmu ta Kaduna na cikin inda abin ya shafa. An gano shi ne domin likitoci sun lura cewa yara masu ciwo iri ɗaya suna ta ƙaruwa, suka sanar da hukuma.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na fahimci cewa mu dangin majinyata ma muna da namu kason, domin da zarar an ce kwana ne ya ƙare sai mu ce mun bar wa Allah, alhali yarda da ƙaddara bai hana a tambayi yadda abu ya faru ba. To wanda yake son a bincika ba tare da rigima ba, ina zai dosa?

Likitan Samaru:
Ya fara da rubuta koke ga shugaban asibitin, ko ofishin SERVICOM, mai karɓar koken jama'a a kan ayyukan gwamnati, idan asibitin na gwamnatin tarayya ne, ya sa kwanan wata da lambar kati, ya riƙe kwafi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba kowa damar yin koke a kan yadda aka kula da shi, kuma kundin haƙƙoƙin majinyata na 2018 ya jaddada hakan. Idan zargin sakacin likita ne, majalisar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Sai dai waɗannan duk koken mutum ɗaya suke saurara, ba ƙididdigar shekara suke fitarwa ba. Wannan kam sai Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ko ta tarayya ta wajabta shi, tare da ba da kariya ga ma'aikacin da ya kawo rahoto da kansa.