Sai mai zane ne zai iya riƙe ƙungiyar yaran nan?

Sakatare: Salamu alaikum jama'a. Kun san dai shugabarmu za ta koma Abuja, to dole a samu mai riƙe ƙungiya kafin dogon hutu ya zo yara su cika mana wuri. Mutum biyu ne a gabanmu, ɗaya matashi ne da ya karanta zane a ABU Zariya, ɗayar kuma Hajiya ce, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata mai ritaya, ita da bakinta ta ce ba ta taɓa zane ba. A mitin ɗin Asabar Mai Zanen Kawo ya ce wanda bai iya riƙe burushi ba bai dace ya shugabanci ƙungiyar da ke koya wa matasa zane da wasan kwaikwayo da rubutun waƙa ba. Magariba ta tashe mu ba a gama ba, sai a ƙarasa a nan.

Mai Zanen Kawo: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana wlh, kuma ba raini ba ne ga Hajiya, uwa ce a wurina. Amma ɗan shekara 15 idan ya miƙo ma takarda ba yabo kawai yake nema ba, so yake a ce masa nan hannunka ya yi nauyi, sassauta fensirin, ɗauki gawayi ka sa inuwar ta wannan gefen. Shugaban da bai san wannan ba da me zai gane malamin kirki da na bogi? da me zai san fenti ya fi kujerun roba muhimmanci idan kuɗi ya yi kaɗan? Ku duba Ladi Kwali da ke bayan naira 20, wurin koyon tukwanen da ta shiga a 1954 a tsohuwar Abuja, Sulejan yanzu, Michael Cardew ne ya riƙe shi kuma shi ma maginin tukwane ne, idonsa ne ya ga hannunta. Ko KABAFEST, bikin littattafai da fasaha da aka fara a Kadunan nan a 2017, ai marubuciya ce ta kawo shi, Lola Shoneyin.

Kawu na Tudun Wada: Ɗana na ji ka, amma kana haɗa malami da shugaba ne. Ba wanda ya ce a kore ku daga aji. Tambayata ita ce wa zai zauna da takardu? Ƙungiyar nan da rajistar CAC take, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, duk shekara akwai rahoton da ake kai musu, banki ba ya buɗe wa irinmu akawun sai da satifiket ɗin SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, masu ba da tallafi kuma ko ruwan leda ka saya sai sun ga risit. Ƙungiyoyi nawa muka gani a Kadunan nan sun taso da zafinsu sun mutu, ba don rashin masu basira ba, don ba mai lissafi ne.

Ɗan Panteka: Kawu a gafarce ni zan ɗan saɓa. Mu a Panteka ogan da bai iya walda ba yaran shago ba sa ganin girmansa ko nawa yake da shi, kuma matasan yanzu sun fi mu saurin gane wanda bai san abu ba. Takardu ai sai a ɗauki akanta.

Kawu na Tudun Wada: Da wane kuɗin za a ɗauke shi?

Maman 'Yan Biyu: Ni fa ku bar maganar CAC tukuna, ku yi maganar iyaye. Nawa biyun mata ne, ranar da na fara cewa zan kawo su babansu ko kallona bai yi ba ya ce wa ke riƙe da wurin, namiji ko mace, kuma ƙarfe nawa ake tashi. Da ya ji sunan shugabarmu ya ji kuma ita da kanta take tsayawa bakin titi har sai ta ga kowace yarinya ta shiga Keke kafin kiran salla, shi ne fa ya bari. Ba zanenta ya tambaya ba. Yanzu ku ce min saurayin da ko aure bai yi ba zai je Rigasa ya yi sallama da magidanci ya ce a ba shi 'yarsa budurwa duk Asabar ta je koyon wasan kwaikwayo? haba jama'a mu faɗa wa kanmu gaskiya mana, rabin 'yan matan nan za mu rasa.

Mai Zanen Kawo: Mama wannan kam gaskiya ne ban musa ba. Amma tsorona kar mu wayi gari ƙungiya ta koma lesin. Mai makaranta da makaranta ya saba, yau a ce a rage awa ɗaya a yi musu bitar WAEC gobe a ce JAMB ta matso, jibi a ce ai ɗinki ya fi amfani, kafin ka ankara burushi ya bushe a kwali.

Malamar Adabi: Ina tare da kai a wannan tsoron ƙanena, na ga inda aka yi hakan. Sai dai ni abin da nake dubawa daban ne. Yaranmu daga Barnawa da Sabon Tasha suke zuwa, daga Tudun Wada da Badarawa suke zuwa, kuma kowa ya san tun rikicin 2000 garin nan ya rabu, kogi a tsakiya. Akwai yaron da a ajinmu ne ya fara zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ranar da muka kai su gidan tarihi na titin Ali Akilu suka tsaya gaban kawunan tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Nok, wata 'yar Tudun Wada ta tambayi daga wace ƙasa aka kawo su, ɗan Sabon Tasha ya ce mata ai daga wajensu ne, ƙasar Jaba, nan cikin jiharmu, ta riƙe baki tana kallonsa. Kafin a yi wannan fitar sai da shugaba ta bi gida gida da takardar izini, ta ga liman ta ga fasto, ta yi cinikin bas. Wanda za a ba riƙon nan dole ya zama mai shiga ko'ina a saurare shi, kuma Hajiya ta koyar da iyayen wasu yaran ma a ɓangarorin biyu.

Ɗan Panteka: To shi matashin fa ce muku aka yi ba zai iya ba? kowa ma da koyo ya iya. 'Yan ƙungiyar zanen Zariya ta 1958, su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, ai ɗalibai ne lokacin ba dattawa ba. Idan kullum sai mai furfura yaushe namu za su taso?

Maman 'Yan Biyu: Ai kansu kawai suka riƙe, ɗana, ba 'ya'yan mutane ba.

Malamar Adabi: Akwai kuma maganar zanen mai rai da ke hana wasu gidajen kawo yara, wannan sai an bi ta a hankali. Shi ya sa muka fara da zayyana irin ta allon sauka da dagi da aikin wuyan babbar riga, aska takwas da sauransu, uba na ganin wannan ya san abin gida ne. A nan kam ina buƙatar mai zane a kusa, don shi ya san yadda zai ɗauki yaro daga dagi ya kai shi har zanen atamfa ko na kwamfuta.

Mai Zanen Kawo: To ni sharaɗina ɗaya idan Hajiya za a ba. A rubuta a tsarin mulkin ƙungiya cewa abin da za a koyar da wanda zai koyar yana hannun mai zane, kuma a ware kason kayan aiki da ba mai taɓa shi ko haya ce ta matso. Ba alkawarin baki ba, a rubuce.

Kawu na Tudun Wada: Na farkon na yarda. Na biyun ban yarda ba ɗana, ranar da mai gida ya sa wa ƙofa kwaɗo a ina za ku shafa fentin?

Ɗan Panteka: Ni har yanzu ƙuri'ata na wurin matashin, Hajiya ta zama uwar ƙungiya.

Sakatare: To an ji kowa. Asabar bayan la'asar za a kira su biyun, kowa ya faɗi yadda zai yi da hutun nan da kuɗin da ke akawun, kuma Mama don Allah ki taho mana da iyaye ko uku ne, a samu na ƙetaren gada a ciki.