Shin rajistar asibiti tana nuna ciwon da ya fi damun jama'a?

Ɗalibar likitanci, Yamai

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdou Moumouni, kuma aikin kammala karatuna shi ne tattara cututtukan da suka fi kwantar da manya a sashen jinya na wani asibiti a nan Yamai. Da na bi rajista da takardun majinyata, abin da ya fi fitowa shi ne hawan jini da 'ya'yansa, wato shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da ciwon ƙoda, sai ciwon sukari, da masassarar cizon sauro, da tarin fuka, da ƙarancin jini. Abu biyu ke damuna. Na farko, shin ina da hurumin rubuta cewa waɗannan su ne cututtukan da suka fi yawa a tsakanin mutanen Yamai? Na biyu, akwai takardu da dama da ba a rubuta komai a cikinsu ba sai "masassara", babu sakamakon gwaji, wasu kuma an rubuta cewa dangi sun ɗauke majinyacin kafin a sallame shi. In zubar da su ne, ko in haɗa su cikin lissafi?

Tsohon likita, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ba da sa'a. Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, ba ki da wannan hurumi. Rajista tana faɗa miki wanda ya iso asibiti, ya samu gado, aka kuma rubuta sunansa. Wanda ya ce da ita ya san ciwon gari, kamar mutumin da ya tsaya a kasuwar dabbobi ne ya ce ya ƙidaya garken ƙasa.

Ki ɗauki hawan jini. Manomi a wani ƙauyen Adar yana iya shekara goma da shi bai sani ba, domin ciwon ba ya yi masa gargaɗi, kuma ba wanda ya taɓa ɗaura masa abin awo a dantse. Ranar da zai shiga rajistarki ita ce ranar da aka wayi gari bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa sun ƙi motsi. Ko a ranar ma, sai in an samu kuɗin mota, kuma dattawan gida ba su yanke cewa iska ce ta buge shi ba, aka fara da rubutun sha da hayaƙi. Wanda ya cika a gida ko a hanya ba ya cikin lissafin kowa. Haka nan kuɗi yana tace mutane tun daga ƙofa: tun 2006 gwamnati ta ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, alhali babba shi ke biyan gwaji da magani, saboda haka yawan yara a kan manya a rajistar ƙananan asibitoci ba ciwo kaɗai yake nunawa ba. A nan yankinmu kuma akwai ci-rani, wanda ke ɗebe samari da magidanta zuwa Abijan da Libiya da Najeriya wata da watanni, sai ka ga mata da tsofaffi sun rinjayi lissafi. Ke da kike Yamai, ki tuna manyan asibitocin ƙasa suna karɓar waɗanda aka turo daga Dosso da Tilaberi da ma Tawa, don haka ba 'yan birnin kaɗai kike ƙidayawa ba.

Mai son sanin yawan hawan jini a cikin jama'a gida-gida yake bi yana awo, irin binciken STEPS da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, wanda aka yi a Nijar. Ke ki rubuta abin da kika gani da sunansa: cututtukan da suka fi kwantar da manya a sashe kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza. Kuma ki raba lissafin wata-wata, domin gadajen Satumba, bayan ruwa ya zauna sauro ya yi yawa, ba su kama da na Maris ko Afrilu, lokacin zafi da ƙura da sanƙarau.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Yamai

Ina goyon bayan Baba likita, sai dai ina so in tsaya kan kalmar "masassara". Masassara alama ce, ba sunan ciwo ba. Ko gwajin gaggawa ya nuna ƙwayar cizon sauro, wannan bai isa a ce ita ta kwantar da mutum ba, domin a ƙarshen damina mutane da yawa suna yawo da ƙwayar a jininsu, kuma gwajin yana iya ci gaba da nunawa makonni bayan an sha magani an warke. A ƙarƙashinsa ana iya samun taifot ko ciwon huhu ko sanƙarau. Shawarata ga ƙanwata ita ce ta ware waɗanda gwaji ya tabbatar daban, waɗanda aka yi wa magani bisa zato daban. Haka sukari: awon da ake dogara da shi shi ne wanda aka yi kafin mutum ya karya kumallo, ya kai gram 1.26 a lita ko sama, aka kuma maimaita. Hawan jini ma ba a yanke shi da awo ɗaya na 140 bisa 90 da aka yi wa mutum yana tsakiyar raɗaɗi a ɗakin gaggawa.

Abin da ya faru a 2015 ya isa misali. An kawo rigakafin MenAfriVac a 2010 ya karya sanƙarau nau'in A, sai ga annoba ta cika gadaje a Yamai. Gwajin ruwan ƙashin baya, wanda cibiyar binciken lafiya ta CERMES ke tabbatarwa, shi ya nuna cewa nau'in C ne ya fi yawa, wanda wancan rigakafin ba ya karewa. Da "sanƙarau" kawai aka riƙa rubutawa, da ba a san allurar da za a nema ba.

Ungozoma, Tawa

Malamai, ina neman afuwa, amma ina tsoron kada yarinyar nan ta fita da tunanin cewa aikinta ba shi da nauyi. Akwai ciwon da gadon asibiti ne ya tona shi. Mu da ke ɗakin haihuwa mun san macen da za ta haihu lafiya, a yi suna, bayan makonni kaɗan a dawo da ita ƙafafu sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine da matasai, tari ya hana ta barci. Wannan gazawar zuciya ce ta bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Likitocin Zariya ne a shekarun 1970 suka lura da yawanta a gadajensu, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai zafi. Daga baya binciken da Arnaud Cénac da abokan aikinsa suka yi a nan Nijar, wanda aka buga a 1992, ya gano cewa sinadarin seleniyom ya yi ƙasa a jinin matan da ke da ciwon idan aka gwada su da masu lafiya. Har yau ana muhawara kan sanadin, kuma ni ban yarda a ɗora laifin duka a kan al'adar jego ba, tunda ana samun ciwon a matan da ba su yi ta ba. Amma da ba a samu wanda ya zauna ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya ba, da har yanzu cewa ake yi kumburin jego ne zai sauka da kansa. Ɗiyata, ki duba mata masu gazawar zuciya a lissafinki, ki ga ko an rubuta ranar haihuwarsu ta ƙarshe.

Likita mai bincike, Yamai

Hajiya ta yi gaskiya. Game da takardun da ba su cika ba, kada ki zubar da su a ɓoye. Ki faɗi nawa kika samu, nawa kika cire, da dalili. Waɗanda dangi suka ɗauka kuwa ki ba su gurbinsu daban, domin sau da yawa su ne mafi tsananin ciwo, ko kuɗi ya ƙare ko an fid da rai, kuma idan kika cire su adadin mace-macenki zai yi ƙasa da gaskiya.

Ki kuma kiyaye da cewa rajista ba ta tabbatar da amfanin magani. Tabbatar da shi aikin gwaji ne na rabon ƙuri'a, inda ƙuri'a ke raba waɗanda za a ba maganin da waɗanda ba za a ba su ba. An daɗe ana ba duk yaron da ke da tamowa mai tsanani maganin kashe ƙwayoyin cuta na amoksisilin, sai cibiyar bincike ta Epicentre ta gwada a Madarunfa a kan yara kusan 2,400 waɗanda ciwonsu bai kai ga kwanciya ba, aka buga a 2016, aka ga bai ƙara yawan masu murmurewa daga tamowar ba, ko da yake ya rage waɗanda ake turawa a kwantar. A ƙarshe, ki nemi izinin shugabannin asibiti a rubuce, kuma ki sauya sunaye da lambobi kafin ki shigar da komai cikin kwamfuta. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano a 1996 ba, kuma amanar da ta rage ita muke aiki da ita.

Ɗalibar likitanci, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gyara taken aikin ya tsaya kan majinyatan sashen, in raba shi wata-wata, in kuma ƙara gurbin garin da majinyaci ya fito. Hajiya, na koma kan takardun mata masu gazawar zuciya, yawancinsu ba a rubuta tarihin haihuwa ba. Zan roƙi malamina ya amince in riƙa yin wannan tambayar da kaina ga waɗanda za a kwantar daga yanzu, in sun yarda.