Za mu bi ta Sawakin, wa ya san garin?

Ɗiyar Mai Wurno: Salamu alaikum 'yan zaure. In Allah ya yarda zan raka Inna umara ta jirgin ruwa, to ta kafe sai mun kwana biyu a Sawakin, tsohuwar tashar jirgin ruwan Sudan a bakin Bahar Maliya, saboda ta nan kakanta ya ƙetara Makka bayan ya tako da ƙafa tun daga ƙasar Sakkwato. Wane wata ya fi, kuma me zan nuna mata?

Baba na Bor Sudan: Wa alaikumus salam 'yata. Kar ki kai tsohuwa can daga Yuni zuwa Satumba, zafi na wuce digiri 40 ga gumin teku, tun da asuba riga ta manne wa mutum a jiki. Lokacin da kuke damina a Sinnar mu nan ko ɗigo babu, ɗan ruwanmu sai Nuwamba zuwa Janairu, shi ma bai taka kara ya karya ba. Ku zo Disamba. Masauki kuma ku kama a Bor Sudan, tafiyar wajen awa ɗaya ce a mota.

Hajiya ta Kasala: A'a Baba, da tsohuwa gara su kwana a Sawakin ɗin ko da ɗakin ba wani na a zo a gani ba ne, don ranar shiga jirgi sammako ake yi zuwa mina, wato tashar jirgin ruwa, kuma a wuni ana jira. Ƙanwata ki riƙe ruwan sha da yawa da tabarma da maganin Inna a jakar hannu, kar ki sa shi cikin kaya.

Malam na Gadarif: Ni dai roƙona ku shiga tsibirin. Tsohon garin ɗan tsibiri ne zagayayye a cikin lungun teku, Gordon, Baturen da ya yi gwamnan Sudan, shi ne ya sa aka yi hanyar da ta haɗa shi da tudu. Gidajen duk da dutsen murjani aka gina su, wanda ake sarowa daga teku, hawa biyu hawa uku da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohuwar Jidda, ki kusanci bango ki duba za ki ga ramuka ramuka da shatin halittun ruwa a jikin dutsen. Turkawa sun riƙe garin tun ƙarni na 16, ayarin alhazai da fatake duk nan suke sauka. Abin da ya kashe shi, mashigar ta yi wa manyan jirage ƙunci, sai Ingilishi suka fara gina Bor Sudan a 1905, 'yan kasuwa suka kwashe suka koma can, shi kuma murjani in ba a shafe shi da farar ƙasa gishiri da danshi cinye shi suke. Wallahi ganin tulin duwatsun nan yana taɓa ni, an bar gari irin wannan ya zube ana kallo. Masallacin Hanafi da na Shafi'i dai Turkiyya ta gyara, ku kai Inna ta yi nafila, wataƙila kakan nata ma ya yi salla a ciki.

Baba na Bor Sudan: Sai ƙofar Kitchener, hafsan sojan Ingila, a ɓangaren tudu, ta zamanin da Usman Digna, kwamandan Mahadi, ya hana Turawa sakat da mayaƙansa Hadandawa. Sunan Usman Digna aka sa wa minar da za ku hau jirgi.

Hajiya ta Kasala: Ku sha jabana, wato gahawa, wurin Bija, mutanen yankin, da citta suke dafa ta, sannan ku nemi salat, naman rago ne da ake gasawa kan duwatsu masu zafi. Kifi kuma a bakin ruwa da safe.

Ɗiyar Mai Wurno: Allah ya saka da alheri. Malam, Inna ƙafarta ba ta da ƙarfi sosai, za ta iya zaga tsibirin?

Malam na Gadarif: Ƙarami ne amma ƙasan duk ɓaraguzai, ku ɗauki raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta sauke ku a ƙofar shiga, ku tafi bayan la'asar, kuma ta sa takalmi mai rufi.