Waɗanda suka taɓa hutun bazara a Italiya, ku zo ku ba mu labari

Uwar 'yan biyu, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Biza ta fito, Alhamdulillah. Ni da maigida da yara za mu yi kwana goma a Italiya cikin watan Agusta. Ga hanyar da ya zana mana: Milan, Tafkin Komo, Tafkin Garda, Benis, Fulorens, Siyena, Fisa, sannan Rum. Na ce masa wannan ai fatauci ne, ba hutu ba, ya ce tunda an biya kuɗin jirgi sai an more. Don Allah waɗanda suka je ku faɗa mana abin da kuka gani, musamman abinci da sufuri.

Ɗalibi a Bolonya:
Wa alaikumussalam Hajiya. Shekarata ta uku ke nan a ƙasar, kuma gaskiya tana wajenki. Wuri takwas a kwana goma, jan akwati kawai za ku yi ta yi daga tasha zuwa tasha. Ki kuma lura da 15 ga Agusta, ranar da suke kira Ferragosto. Kamar sallarsu ce: masu ƙananan shaguna su rufe su tafi bakin ruwa, wasu har mako biyu, tafkuna kuma su cika maƙil. Ko ba biki ba, a ƙananan garuruwa ana rufe kanti daga wajen ƙarfe ɗaya sai uku da rabi ko huɗu. In kun sayi tikitin takarda na jirgin ƙasa mai tsayawa gari-gari, ku buga shi a 'yar na'urar da ke tasha kafin ku shiga. Ni na manta a makona na farko, mai duba tikiti bai saurari "baƙo ne ni" ba.

Alhaji mai son tuƙi, Abuja:
Ni mota na ɗauka haya, kuma ban yi nadama ba a karkarar Tuskani, yankin da Fulorens da Siyena suke. Tsakanin Siyena da Pienza sai tuddai, gonakin alkama da aka girbe, da dogayen itatuwa a jere kamar an auna da igiya. Mun kwana uku a gidan gona da suke saukar da baƙi, agriturismo, da safe mai gidan ya kawo cukun tumaki da tumatir daga bayan ɗaki. Amma ki gaya wa maigidanki: duk inda ya ga allo fari mai jan zobe an rubuta ZTL, kada ya shiga. Tsakiyar tsohon gari ne, an hana motar baƙi, kuma kyamara ce ke tsaro, babu ɗan sandan da za ka ba haƙuri. Na shiga sau biyu a Fulorens ina neman otal. Bayan na dawo gida na manta da zancen, sai ga kamfanin hayar ya zare kuɗinsa na "aikin takarda" daga katina, tarar kanta kuma ta biyo ni daga baya.

Jikan mai dawaki, Katsina:
Hajiya, ku yanke duk abin da za ku yanke, amma in kwanakinku sun haɗa da 16 ga Agusta, kada ku bar Siyena. Ranar ake sukuwar Palio, sau biyu a shekara, ɗayar 2 ga Yuli. Ni da na tashi ina kallon hawan sallah na ɗauka babu abin da Bature zai nuna min a kan doki. Garin unguwa 17 ne, goma ke shiga kowace sukuwa. Ana zuba ƙasa a kewayen dandalin Piazza del Campo, mahaya su hau ba sirdi, zagaye uku, minti ɗaya da rabi an gama. Kafin nan sai kowace unguwa ta kai dokinta cikin cocinta a sa masa albarka, da idona na gani. Abin da ya fi ɗaure min kai: ko mahayi ya faɗi, in dokin ya riga sauran isowa, unguwarsa ta ci. Na ga dattijo mai furfura yana kuka wiwi don an kayar da su. Hawanmu ado ne da gaisuwar sarki, nasu kuwa gaba ce ta unguwa da unguwa da aka gada tun kaka da kakanni. Sai dai tsakiyar dandalin, inda ake tsayawa kyauta, ba wurin yara ba ne. Awa huɗu na yi a tsaye cikin rana, ba banɗaki, ba hanyar fita. Ku je kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ana gwajin dawakai safe da yamma, cunkoson bai kai haka ba.

Yaya a Brescia:
Ƙanwata, bar mazan nan da motoci da dawakai, zo mu yi maganar ciki. Alade a ƙasar nan ba a nama kaɗai yake ba. Akwai strutto, kitsensa ne, ana sa shi a wasu burodi da piadina, wata irin gurasarsu. Miyar ragù, wato miyar nama da ake zubawa a taliya, ita ma yawanci da alade a ciki, risotto kuma, dafa-dukar shinkafarsu, yawanci da giya ake tayar da shi. Ki haddace "senza maiale" (ba alade) da "senza vino" (ba giya). Taliya da tumatir, fiza margarita da kifin tafki, su ne abin dogaro. Kusa da manyan tashoshin jirgi ba a rasa masu kebab da mahautan halal, amma kina shiga ƙauye shi ke nan. Ki zo da yajinki. In kin ga coperto a takardar kuɗi kada ki yi faɗa, kuɗin zama a tebur ne, kowane kai. Shigarmu kuma ta yi mana rana: a manyan coci-coci ana mayar da masu gajeren wando da buɗaɗɗiyar kafaɗa, ni ko kallo na biyu ba a taɓa yi min ba. Magariba sai wajen takwas da rabi, ki riƙe ƙaramar darduma a jaka. In kun biyo ta nan ranar Juma'a za ki ji Hausa a bakin 'yan Gana, muna da yawa.

Amarya, Zinder:
Mu Komo muka je bara. Daga Milan awa ɗaya a jirgin ƙasa zuwa Varenna, sai jirgin ruwa ya tsallaka da kai Bellagio cikin kamar kwata. Kyau kam ba a magana, duwatsu sun faɗo har cikin ruwa. Amma duk matakala ce, keken yara wahala zai zame miki, ga layin jirgin ruwa, ga sauro da yamma. Da yara, Garda ya fi: Sirmione akwai tsohuwar ganuwa da ruwa ya kewaye, akwai wurin wanka, ga wurin wasan yara na Gardaland kusa.

Uwar 'yan biyu, Kaduna:
Allah ya saka da alheri. Na karanta masa duka. An cire Komo da Benis, mota kuma sai mun bar Fulorens. Fisa ce ya kafe a kai, wai sai ya ɗauki hoto yana tallafe da karkatacciyar hasumiyar garin. Yaya ta Brescia, filin jirgi za su bar ni in shigo da kilishi?

Yaya a Brescia:
A'a, nama ko madara daga waje ba ya shiga Tarayyar Turai, ƙwacewa za su yi. Ku cinye shi a Kaduna.