Ƙaramar kyamara ɓarnar kuɗi ce? Muhawara kan ita da DSLR

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Wayata ta daina gamsar da ni wajen hoton yara, musamman a cikin ɗaki da yamma: ko fuska ta fito a dushe, ko hannu ya koma kamar hayaƙi saboda motsi. Na yi niyyar sayen ƙaramar kyamara wadda za ta shiga jakata. Da na gaya wa yayana sai ya ce ƙaramar kyamara ɓarnar kuɗi ce, wanda zai bar waya DSLR kawai zai nufa, wato babbar kyamarar nan mai madubi a ciki da ake canza wa gilashi, in ba haka ba ya zauna da wayarsa. Don Allah masana, maganarsa haka take?

Tsohon mai hoto: Wa alaikumus salam. Hajiya, yayanki ya faɗi gaskiya, sai dai bai gaya miki dalili ba. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da haske ke sauka a kansa, shi ake kira sansa. Girmanta shi ne tushen komai. Ta ƙananan kyamarori da aka saba gani tana da faɗin kusan milimita 6 da tsayin 4.5, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ta DSLR ta masu koyo kuwa, wadda ake kira APS-C, tana kai milimita 23.5 da 15.6. In aka lissafa fili, ta ninka waccan sau goma sha uku. Ki ɗauka ruwan sama ne ke sauka, ɗaya ya tara kofi, ɗaya ya tara baho. Da rana tsaka kowa zai samu abin da ya ishe shi. Da yamma a cikin ɗaki, lokacin da haske ya yi ƙaranci, mai kofi dole ya ƙara wa hotonsa ƙarfi da lantarki, daga nan ne wannan yashi-yashin da dushewar ke fitowa. Matsalar da kika kawo ta ƙarancin haske ce, kuma maganinta babbar sansa.

Matafiyi: Baba, ina girmama iliminka, amma a nan ban yarda ba. Ka ɗauki mafi raunin ƙananan kyamarori ka sa ta wakilci dukkansu. Tun 2012 Sony ta fitar da RX100, sansarta milimita 13.2 da 8.8, ta ninka wadda ka ambata kusan sau huɗu, kuma tana shiga aljihun riga. Fujifilm X100 da ta fito a 2011 sansarta APS-C ce, daidai da ta DSLR ɗin da kake yabo. Haka Ricoh GR III ta 2019, nauyinta bai kai giram 260 ba. To ina batun kofi da baho? Bahon ya riga ya shiga aljihu.

Tsohon mai hoto: Na karɓi wannan gyara, ɗana. Amma ka lura, waɗannan ukun da ka lissafa ba su ne mutum ke nufi ba idan ya ce zai sayi 'yar ƙaramar kyamara, kuma ba su da araha. Sau da yawa DSLR ta masu koyo da gilashinta ta fi su sauƙin kuɗi, balle in ta hannu ce.

Sannan akwai abin da sansa kaɗai ba ta bayarwa. Yaro ba ya tsayawa. Kafin ka daskarar da motsin yaro mai gudu kana bukatar ƙyauren kyamara ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 250 na daƙiƙa ko ma ƙasa da haka. A wannan ɗan lokacin dole haske mai yawa ya shiga, wato gilashin gaba ya kasance mai faɗin ƙofa. A DSLR kana cire gilashin da ta zo da shi ka ɗaura mai f/1.8; lambar f ɗin nan, iya ƙanƙantarta iya faɗin ƙofar. Wanda ake haɗo ta da shi, mai milimita 18-55 da ake jawo abu kusa da shi, idan ka jawo shi zuwa ƙarshe ƙofarsa f/5.6 ce. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 hasken ya kusa ninki goma. Mai f/1.8 ɗin ne kuma yake narkar da bayan hoto, fuskar yaro ta fito ita kaɗai tas. Ƙaramar kyamara da gilashin da aka haife ta da shi za ta mutu.

Ɗalibar zane: Ni dai bari in faɗi abin da ya same ni, ba lissafi ba. Shekara biyu da suka wuce na sayi DSLR saboda irin wannan bayanin, kuma duk abin da Baba ya faɗa game da kyan hotonta gaskiya ne. Wata uku na farko kullum tana wuyana. Daga baya sai na fara tambayar kaina kafin in fita: yau akwai abin da ya kai in ɗauki jaka ta musamman? Yawanci amsar a'a ce. Ranar da ɗan yayata ya fara tafiya ina zaune a wurin, kyamarar tana gida cikin kabad. Da waya na ɗauka, hoton bai fito ba, har yau abin yana min ciwo. Anti, ke da kike da yara biyu, hannu ɗaya na riƙe da wannan, ɗaya na riƙe da kayan wancan, ki yi tunanin wane hannu ne zai ɗauki kyamara mai nauyin fiye da rabin kilo.

Tsohon mai hoto: 'Yata, wannan ba laifin kyamara ba ne.

Ɗalibar zane: Ba laifinta ba ne, Baba, amma nauyinta ne ya jawo. Kuma nauyin yana cikin abin da mutum ke saya.

Mai gyaran kyamara: Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren da nake gani kullum a kan teburina. Ƙananan kyamarori masu gilashin da ke fitowa ya koma, abin da ya fi kashe su shi ne wannan gilashin. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakanin zobban, ko ta faɗi gilashi na waje, sai injin ya maƙale. Kuma da yake gilashi da sansa a haɗe suke wuri guda, gyaran yakan zama canza sashen gaba ɗaya. Idan ƙura ta samu hanya ta sauka a kan sansarta, sai an warware kyamarar kafin a goge.

DSLR ita ma ƙura na shigarta, har ta fi, saboda duk lokacin da ka cire gilashi ka buɗe mata ciki. Amma gogewar ba ta da wuya, ana ɗaga madubi a share. In gilashi ya lalace ka canza shi, jikin na nan. Abin da ke tsufa a jikinta shi ne ƙyaure da madubin da ke tashi yana sauka duk ɗauka, kuma na masu koyo ana ƙiyasta musu wajen ɗauka dubu ɗari. Mai ɗaukar 'ya'yansa zai yi shekaru bai kai nan ba.

Sai batir. DSLR ba ta bukatar kunna allo kafin ka ga abin da za ka ɗauka, domin haske ne na zahiri ke bugun madubi ya hau zuwa tagar leƙe. Shi ya sa Nikon D3500 aka auna mata hoto 1,550 a caji ɗaya. Ricoh GR III da Malam Matafiyi ya ambata wajen 200 take yi. RX100 ta farko wajen 330. Wanda zai sayi ƙarama ya sayi batir na biyu tun ranar farko.

Matafiyi: Batir na biyu ai bai kai girman akwatin ashana ba, Malam. Na yarda da lissafinka, amma bai canza min ra'ayi ba. Akwai kuma wani abu da ba a faɗa ba: mutane suna canzawa idan ka ɗaga musu babbar kyamara. Fuska ta ɗaure, yaro ya daina wasa ya tsaya kallon gilashi, ga ƙarar madubi kowace ɗauka. Da ƙarama kana ɗauka shiru, ba wanda ya damu da kai. Hotunan da na fi so a cikin duk tafiye-tafiyena irin waɗannan ne.

Game da saurin saita gani, wato kyamara ta daidaita gilashinta fuska ta fito tas, a da gaskiya ƙananan suna jinkiri, ka danna sai yaro ya wuce sannan ta ɗauka. Amma daga RX100 V ta 2016 an sa wa jerin RX100 irin tsarin saita gani mai sauri da aka san DSLR da shi, a kan sansar kanta. D3500 kuwa maki 11 kawai take da su na saita gani a tagar leƙe.

Mai son tsuntsaye: Ni abin da ya dame ni nisa ne, don haka ra'ayina daban. Nikon P1000 tana jawo abu sau 125, sansarta kuma irin ƙaramar nan ce da Baba ya raina. Da rana tana kawo min tsuntsun da ke ƙolin bishiya har in ga idonsa, abin da in da DSLR ne sai na ɗauki gilashin da ya fi ƙarfin aljihuna da kafaɗata. Amma nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi, ba ta shiga jakar hannu, kuma da magariba ta yi sai in mayar da ita. Hajiya, ba taki ba ce. Na faɗa ne don a san ƙaramar sansa ma tana da ranarta.

Maman 'yan biyu: Na gode ƙwarai, ina karantawa a hankali. Tambaya ɗaya: na ga wata ƙarama an rubuta megafiksel 20, wata DSLR kuma 24. Ashe ba kusan ɗaya suke ba ke nan?

Tsohon mai hoto: A'a, Hajiya, wannan lambar ce ta fi yaudarar masu saye. Megafiksel yawan ɗigon da aka raba sansa ne, ba girmanta ba. Ɗigo miliyan 20 a kan farcen yatsa kowanne ɗan mitsitsi ne, hasken da yake kamawa kaɗan ne. Ki fara tambayar girman sansa, sai faɗin ƙofar gilashi, megafiksel ya zo a ƙarshe. Ko 12 ya isa a wanke hoto babba a rataye a bango.

Matafiyi: A nan bakinmu ɗaya da Baba. Kuma zan ba yayanki rabin gaskiyarsa: ƙaramar kyamara mai arha, mai wannan 'yar sansar, ba za ta fi wayar zamani ba a cikin ɗaki. Waya tana ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin ƙiftawar ido ta haɗe su wuri guda ta tace, abin da waɗancan ba sa yi. Shi ya sa kasuwarsu ta rushe, har Casio ta daina yin su a 2018. In irin wannan kika nufa, ki riƙe kuɗinki. Inda ya yi kuskure shi ne cewa daga waya sai DSLR. Ita DSLR ɗin ma kamfanoni sun juya mata baya. Canon da Nikon duk sun fito da manyan kyamarori marasa madubi a 2018, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon ya bayyana cewa EOS-1D X Mark III ce ta ƙarshe a jerin manyan DSLR ɗinsu. Me zai sa mai farawa yau ya shiga gidan da masu shi ke kwashe kaya?

Tsohon mai hoto: Saboda kayan da suke bari masu kyau ne, ɗana, kuma sun yi sauƙi. Bakin gilashin Nikon F, wato wurin da ake ɗaura gilashi a jikin kyamara, tun 1959 yake, na Canon EF tun 1987. Gilasan da aka ƙera cikin waɗannan shekaru suna nan birjik a hannun mutane, ƙwararru na sayar da su don su koma sabon tsari. Kyamarar da ta ɗauki hoto mai kyau a 2018 ba ta daina ba don an fitar da wata. Kuma in mutum ya koma marar madubi daga baya, akwai zoben haɗi da zai ɗaura tsohon gilashinsa. Mai ƙaramar kyamara ranar da ta mutu komai ya tafi tare.

Ɗalibar zane: Amma Baba, Anti ba ta ce tana son tara gilasai ba. Hoton 'ya'yanta take so.

Tsohon mai hoto: Gilashi ɗaya nake ce mata, ba goma ba. In ta ɗaura ƙaramin gilashi na milimita 35 mai f/1.8 ta bar shi a kai, ba ta sake cirewa, nauyin ma ya ragu. Na ce 35 ban ce 50 ba, domin a kan APS-C gilashin 50 yana matse wuri, a cikin ɗaki sai ta manne da bango kafin yaran biyu su shiga hoto ɗaya.

Maman 'yan biyu: To ga inda na tsaya. Mai arhar nan na cire ta a lissafi. Saura biyu: ƙarama mai babbar sansa, ko DSLR ta hannu da gilashin 35 ɗin da Baba ya ce. Zuciyata ta fi karkata ga ƙaramar saboda maganar ƙanwata ɗaliba ta taɓa ni, na san halina da kaya. Amma gani ya kori ji. Wata ƙawata tana da DSLR, zan aro ta mako guda in ga sau nawa zan fita da ita.

Mai gyaran kyamara: Hakan ya yi, Hajiya. Ki ɗauki yaran a ɗakin da kika saba, a lokacin da wayar ke ba ki matsala, kada ki kunna filasha. In kika ƙare a kan ta hannu, ki sa a duba miki adadin ɗaukar da ƙyaurenta ya yi, ki haska tocila cikin gilashin ki ga ko akwai farin zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, ki bar shi. In Nikon ce ta masu koyo irin D3500, ki tabbata gilashin na da rubutun AF-S ko AF-P, domin tsofaffin masu AF-D ba sa saita gani da kansu a jikinta. In kuma ƙaramar ce, ki kunna ki kashe sau biyar a jere kina sauraron gilashin, in kin ji yana gurzawa ko yana tsayawa a hanya kada ki karɓa.