Neman kalmar Hausa: aikin da ake yi wa tsohon katako ya dawo sabo

Mai Gabatarwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina cikin matsi, ku taimaka. Ranar Asabar zan gabatar da shiri a rediyo kan yadda mutum zai gyara tsofaffin kayan ɗakinsa da hannunsa, kuma gobe Alhamis da yamma ake son in miƙa rubutun. Bayanan da aka ba ni da Turanci suke, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro, wato "refinishing". Ba ɗora ƙafar tebur da ta karye ba ne, ba kuma canza wa kujera yadi da soso ba. Aikin shi ne a cire tsohon fenti ko banish da ya dusashe ya fara ɓarewa, a goge katakon har ainihin jikinsa ya fito, sannan a shafa masa sabo. Kusan kowane sakin layi sai kalmar ta fito, ba zan iya maimaita wannan dogon bayani kowane minti ba. Na rubuta "gyara" na goge, na rubuta "sabuntawa" na ji ta yi faɗi. Ɗaya kalmar, DIY, na sa mata "yi da kanka". Ya yi?

Ɗalibin Fassara:
Wa alaikumus salam Anti. "Yi da kanka" ya zauna daram, kada ki taɓa shi. Ɗayar kuwa ai kwaskwarima ce. A yi wa tsohon kabad kwaskwarima, kowa ya gane.

Uwar Ɗaki:
Ko kuwa "mai da tsohuwa yarinya". Ina tabbatar miki duk wanda ya ji a rediyo sai ya ƙara murya.

Tsohon Kafinta:
Hajiya Uwar Ɗaki, wannan a sa shi sunan shirin, zai yi armashi, amma ba sunan aiki ba ne. Kai kuma ɗana mai fassara, kwaskwarima ba ta ɗauko abin ba. In mutum ya kawo mini kabad ya ce a yi masa kwaskwarima, abin da zan fahimta shi ne in share ƙura, in cike ramukan ƙusa, in bi shi da folish ya yi sheƙi. Aikin rabin yini. Abin da wannan baiwar Allah take nufi kuwa, kashi uku cikin huɗu na wahalarsa a cirewa yake. Za ka fara da samfefa mai kaushi, lamba 80, ka koma 120, ka ƙare da 180 ko 220. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba mai laushi. Kuma kana bin zanen jikin katakon, ba ka gitta shi, don in ka gitta, ranar da ka shafa banish duk ƙarcen zai fito fili kamar an zana da allura. Shafawar ita ce hutun aikin. Duk kalmar da ba ta faɗi cirewar ba, ta bar aikin a baya.

Uwar Ɗaki:
Wallahi Baba gaskiyarka ce, don ni na gani a kaina. Akwai durowar madubina da na ɗora wa farin fenti kai tsaye a kan tsohon banish, ban goge komai ba. Ranar farko har kiran mutanen gida nake su zo su gani. Ba a yi sati biyu ba, na sa farce a gefen hannun durowar, sai ga fentin yana saluɓowa zare-zare kamar leda, tsohon ruwan ƙasan yana leƙowa. Fentin bai sami abin kamawa ba, saboda ƙasansa santsi ne. Sai da na sake komai daga farko, aiki ya zama biyu.

Ɗalibin Fassara:
Na janye. To "kankare da shafa"? Irin ginin "shige da fice".

Uwar Ɗaki:
A rubuce wani zai karanta kankare na siminti.

Ɗalibin Fassara:
A rediyo za a faɗa, Hajiya, karin sauti zai raba su.

Hausa Zalla:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma kalmar da kuke nema tana nan cikin harshenmu tun kafin a haifi kakanninmu: saɓa. Maciji in fatarsa ta tsufa ta dusashe, sai ya tuɓe ta ya fito da sabuwa mai ƙyalli, mu ce ya yi saɓa. Ku duba da kyau. Tsohuwar fata ta tafi, jiki yana nan yadda yake, sabuwar fata ta hau. Cirewar da Malam Kafinta yake kuka a kai tana ciki, sabuntawar tana ciki, kuma gaɓa biyu ce kacal. A ce saɓar katako. An yi wa tebur saɓa. Mai yin aikin, mai saɓar katako. Na daɗe ina riƙe da wannan kalma ina jiran ranar da za a neme ta.
Sannan ina da ƙorafi. Samfefa, banish, folish, duka a zance ɗaya. Ina Hausar take? A ce takardar kaushi, a ce man sheƙi. Shiri ne da dubban mutane za su saurara, abin da aka faɗa a nan shi yara za su ɗauka.

Mai Gabatarwa:
Allah ya gafarta Malam, hoton ya burge ni ƙwarai, har na karanta wa abokiyar aikina. Amma da na ce mata "saɓar katako" ba tare da bayani ba, sai ta tambaye ni wa katakon ya saɓa wa.

Hausa Zalla:
Wannan laifin kunnenta ne, ba na kalmar ba. A faɗa sau uku cikin shiri ɗaya, ta zauna. Kowace kalma da kike amfani da ita yau akwai ranar da wani ya fara jin ta ya yi turus.

Ɗalibin Fassara:
Malam, da girmamawa, akwai matsala ta nahawu. Saɓa abu ne da mai ita yake yi da kansa. Maciji ya yi saɓa, fatar wanda ya yi zazzaɓi ta yi saɓa. Ba a cewa an yi wa maciji saɓa. In ka ce tebur ya yi saɓa, ni abin da zan hango shi ne irin durowar Hajiya, fenti yana ɓarewa shi kaɗai. Wato ka ba cutar suna, ba maganin ba.

Hausa Zalla:
Harshe ba dutse ba ne, yaro. Ana faɗaɗa ma'ana. Matsalarku ku 'yan boko, in Bature ya ɗauki kalma ya lanƙwasa ta sai ku ce hikima, in Bahaushe ya yi sai ku ɗauko masa littafin nahawu. Mun raina abin hannunmu, shi ya sa kullum muke bara a ƙofar wasu.

Tsohon Kafinta:
Malam, ni ban yi boko mai zurfi ba, sama da shekara 30 ina riƙe da zarto. Ka je kowane wurin sayar da kayan aiki ka ce a ba ka takardar kaushi, za a tsaya ana kallonka. Ka ce man sheƙi, ba za a san ko banish kake so ba, ko folish, ko man da ake shafa wa katako ya sha, alhali abu uku ne daban kuma ba sa maye gurbin juna. Ni kaina sunan sana'ata aro ne. Tebur aro ne, fenti aro ne, buroshi aro ne. Wanda ya ce samfefa ba bara yake yi ba, sunan abin da ke hannunsa ya faɗa. Kuma maganar raina kai ta yi mini zafi, don mu da muke shaƙar ƙurar nan ba mu taɓa jin kunyar harshenmu ba.

Ɗalibin Fassara:
Allura da almakashi ma daga Larabci suka shigo, babu mai cewa ba Hausa ba ne. Ita kanta kalmar da ta zama banish a bakinmu, Turawan Ingila daga Faransanci suka aro ta.

Hausa Zalla:
Malam Kafinta, ka yi haƙuri, ba da kai nake ba, kuma ina girmama sana'arka. Amma aron da aka yi don babu, daban yake da aron da ake yi don lalaci. Ɗari bisa ɗari ina kan saɓa.

Malamar Kimiyya:
Ku gafarce ni in shigo. Kuna ta jayayya kan asalin kalma, ni kuwa abin da ya dame ni shi ne wanda zai kashe rediyo ya ɗauki samfefa ya hau tsohon gadon da yaransa suke kwana a kai. Tsofaffin fenti da yawa suna ɗauke da dalma. A Amurka sai a 1978 aka haramta fentin dalma a gidaje da kayan ɗaki, kuma har yau akwai ƙasashen da ba su da doka a kansa. Muddin fentin yana zaune lafiya a jikin katako haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka goge shi a bushe ya zama ƙura, ko aka ƙona shi da wuta, ranar ce yake shiga huhu da bakin yara, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro taɓawar da ba ta warkewa. Haka ruwan cire fenti: akwai mai sinadarin metilin kulorayid, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa masu gyaran kayansu da kansu a gida a 2019 bayan ya kashe mutanen da suka yi aiki da shi a rufaffen wuri.
Shi ya sa nake goyon bayan Baba Kafinta. In kika ce kwaskwarima ko ado, mai sauraro zai ɗauka wasa ne, ya yi shi a tsakar ɗaki yara suna rarrafe. Kalmar da ta ce kankarewa ta riga ta gaya masa akwai ƙura, sai ki ɗora da cewa a fita da kayan waje, a rufe hanci da takunkumin da aka yi don ƙura, a jiƙa wurin kafin a goge, a nisanta yara da masu ciki. Saɓa kuwa, duk kyanta, tana sa a ji kamar abin zai zame ne da kansa cikin sauƙi.

Hausa Zalla:
Wannan hujja ce, ban musa ba. Amma gargaɗi aikin jimla ne, ba aikin suna ba.

Tsohon Kafinta:
Tunda an zo nan, 'yata mai shiri, ki ƙara musu abu biyu. Ba kowane tebur ne katako zalla ba. Da yawa siririn katako mai kyau ake liƙa musu a sama, kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Na taɓa ganin wani yaro ya sa injin gugewa a kan irin wannan, kafin ya ankara ya huda shi, allon da ke ƙasa ya leƙo fari fat a tsakiyar tebur kamar tabon ƙuna, kuma babu gyara sai a sake liƙa wani. A duba gefen teburin tukuna, in an ga layin liƙi a bi da hannu a hankali. Na biyu, wani tsohon kayan ba ya ma buƙatar kankarewa. A jiƙa auduga da sifirit a ɗan goga a ɓoyayyen wuri. In shafen ya narke ya yi danƙo, shelak ne, wanda ake samu daga wani ƙwaro a Indiya da Tailan, kuma shi sabo yana narkewa ya haɗe da tsoho, sai dai a wanke a ƙara. Kayan tarihi kuwa kada a taɓa su sam, kankarewa tana zubar musu da daraja.

Malamar Kimiyya:
Da tsumman da aka shafa man linsid da shi, wato irin man nan da ake shafa wa katako ya sha. Kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara, yana ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ko a nutsa shi cikin ruwa.

Mai Gabatarwa:
Baba, na lura kai da kanka ka ce "shafen ya narke". Haka kuke kiran abin da ke saman katakon?

Tsohon Kafinta:
A wurin aiki galibi finishin muke cewa, ba zan ɓoye miki ba. Amma in na ce shafe, duk yarana sun gane, kuma ya haɗa fenti da banish da mai.

Ɗalibin Fassara:
To ga shi nan: sake shafe. "Sake" ta ɗauki maimaitawar, "shafe" ta ɗauki abin da ake sakewa.

Uwar Ɗaki:
Magina za su ce kun ƙwace musu kalma, shafe ai na bango ne. Kuma ina cirewar da aka yi ta magana a kai?

Mai Gabatarwa:
Lokaci ya ci ni, ga abin da na tsayar. Sunan shirin "Mai da Tsohuwa Yarinya", na gode Hajiya. A farkon ambato zan ce "kankarewa da sake shafen katako", in yi bayaninsa tare da gargaɗin Malama. Daga nan zan riƙa cewa "sake shafe" kawai, in na ga za a rikice da bango in ƙara "na katako". Samfefa da banish za su zauna yadda suke, don ina son mai sauraro ya iya zuwa ya sayo. Malam Hausa Zalla, zan buɗe da misalinka, in ce kamar yadda maciji yake saɓa haka ake raba katako da tsohuwar fatarsa. Saura ɗaya: ruwan launin da katako yake tsotsewa ba tare da ya rufe zanensa ba, na sa "rinin katako". Akwai mai ja?

Ɗalibin Fassara:
Rini ya yi, tunda shiga jiki yake ba hawa sama ba.

Hausa Zalla:
Rini Hausa ce, ba ni da ja. "Sake shafe" kuwa bayani ne, ba kalma ba ce, kuma rabin aikin kawai ta faɗa, kamar yadda Hajiya ta lura. Na yarda ki yi amfani da ita saboda gobe Alhamis. Ni dai a rubutuna saɓa zan ci gaba da sawa. In kin zo wurin misalin, ki faɗi kalmar sarai, kada a ji kamar saɓo.

Tsohon Kafinta:
Ki kuma gaya musu su bar shafin farko ya bushe sarai, su bi shi da 220 sama-sama, su share ƙurar, kafin su ɗora na biyu.