Me ya sa histamin ke sa kai sarawa, kuma Piriton na maganin ciwon ɓarin kai?

Ɗalibar_Jinya:
Assalamu alaikum malamai. An ce histamin, sinadarin da jiki ke fitarwa mai jawo ƙaiƙayi da kumburi, ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. To ta wace hanya yake haddasa ciwon kai mai sarawa? In kuma shi ne sanadi, me ya hana a ba mai ciwon ɓarin kai Piriton, maganin da ke toshe aikin histamin, a huta?

Malam_Harhaɗa:
Wa alaikis salam. Gaskiya ne, da ƙyar yake ƙetare shingen, amma ba sai ya shiga ba, domin naman ƙwaƙwalwa kansa ba ya jin zafi. Inda ciwon yake shi ne jijiyoyin jini da tantanin nan mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda yake wajen shingen. A nan ƙwayoyin mast, rumbun histamin, suke zaune daf da rassan jijiyar tirajeminal mai kai saƙon zafi daga kai da fuska.

Idan histamin ya kama makarɓar H1, wato ɗaya daga wuraren da yake maƙalewa ya yi aiki, a shimfiɗar cikin jijiyar jini, sai ta saki sinadarin naitirik oksaid, tsokar bangon jijiyar ta saki jiki, jijiyar ta buɗe. Makarɓar H2 kuwa a jikin tsokar take, ita ma sassautawa take yi, sai dai a hankali kuma ta fi daɗewa. Ƙananan jijiyoyi kuma su fara yoyon ruwa, wurin ya kumbura, jijiyar tirajeminal ta harzuƙa. Shi ya sa kan yake sarawa.

Likitan_Jijiya:
Ƙanwata, tambayarki ta biyu ita ce mai muhimmanci. A Kofanhagan, likitan jijiya Jes Olesen da abokan aikinsa sun ɗura wa masu ciwon ɓarin kai histamin ta jijiya, ciwon ya tashi, kuma maganin toshe H1, ɗan'uwan Piriton, da aka ba da tun kafin ɗurin ya hana shi. Amma ciwon da ya zo da kansa yana da wasu hanyoyi, musamman sinadarin CGRP da jijiyar tirajeminal ke saki, waɗanda Piriton bai taɓa su. Barci kawai zai sa, domin shi yana shiga ƙwaƙwalwa ya toshe histamin ɗin da ke riƙe mutum a farke.

Haka a 1939 likitan Amurka Bayard Horton ya ɗora wa histamin laifin ciwon nan mai tsananin azaba da ke kama bayan ido ɗaya. Amma yau da iskar oksijin ake tarar sa, lita 12 zuwa 15 a minti, ko allurar sumatriptan miligiram 6.

Mai_Duba_Abinci:
Inda histamin ke da cikakken laifi shi ne kifi irin su titus, tuna da sadin. Idan wuta ta ɗauke ƙanƙara ta narke, bakteriya sai su mai da sinadarin histidin na naman kifin ya zama histamin. Suya, dahuwa ko banda ba sa lalata shi, kuma kifin ba lallai ya yi wari ba. Wani lokaci dai a ji yaji-yaji a harshe. Cikin minti 10 zuwa awa ɗaya fuska ta ɗau zafi, ido ya yi ja, kai ya sara, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. A baƙar fata ba a cika ganin jan ba, sai an taɓa. Kifi ya zauna a digiri 4 na ma'aunin salshiyos ko ƙasa, kuma kada a sake daskarar da wanda ya kwana a narke.

Malam_Harhaɗa:
A nan kam Piriton yana aiki: miligiram 4 ga babba, kada ya wuce 24 a kwana, kuma ban da tuƙi. Masu shan isoniazid na tarin tibi su fi kowa kiyayewa, don yana danne sinadarin da ke narkar da histamin a hanji. In harshe ya kumbura, numfashi ya sarƙe ko mutum ya yanke jiki, a garzaya asibiti, allurar adiranalin ake buƙata. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, a fara tunanin sanƙarau.